Askar Wanzami da Dokar Gwamnati

A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar haramta kaciyar mata a Nijeriya. Jamhuriyar Nijar ma ta riga mu tun 2003. Amma wanzami bai ajiye askarsa ba. Mu ɗalibai mukan ɗauka al'adar waɗansu ƙabilu ce can nesa, alhali kuwa a gidajenmu ake cire wa jaririya angurya, a yi wa mace yankan gishiri idan haihuwa ta zo da gardama.

Abin da ya hana ta ƙarewa shi ne, ba kaciya ake kiranta ba, magani ake ce mata. Kakar da ta aika a kirawo wanzami ba mugunta ta nufa ba; tsoronta kada jikarta ta kasa zaman aure, a yi ta da su a gari. Sakamakon kuwa zubar jini ne, wani sa'in har yoyon fitsari.

Mu dubi Senegal. A 1997 matan ƙauyen Malikunda Bambara suka fito fili suka ce sun daina. Wani limami, Demba Diawara, ya lura ƙauye ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, tun da 'ya'yansa mata a maƙwabta za su yi aure. Sai ya bi dangi ƙauye-ƙauye, har guda 13 suka ɗauki alkawari tare a 1998.

Hutu ya gabato. Muna roƙon kowannenmu ya zauna da kakarsa, da ungozoma, da sarkin askar garinsu, cikin ladabi, ba da Turancin jami'a ba. Ya fara da tambayar abin da aka yi wa ƙannensa mata suna jarirai.