Raddi ga Masu Cewa Ɗan Kurfai Ba Zai Yi Aikin Bankin Zuba Jari Ba Sai da Takardar Faris ko Landan



Wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu ƴan bokonmu na Filinge mazauna Yamai da ƙasashen waje, kuma ita suke ɗora wa ƙannensu da suka ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, da sakamako mai kyau. Cewa suke yi duk yaron da ke son aikin bankin zuba jari ya nemi HEC ta Faransa, ko LSE ta Landan, ko Harvard ta Amurka. In bai samu ba ya haƙura da sana'ar, domin karatun Yamai da Dakar da Abijan da Zariya ɓata shekaru ne. Masu maganar yayyenmu ne, kuma alheri suke nufi. Sai dai shawara ce da ke sa gida ya sayar da garke, ta kuma karya zuciyar yaro mai hazaƙa. A yankin da rashin tsaro ya rufe makarantu da dama, kowane yaron da ya kai ga bak dukiya ce da bai kamata a salwantar ba. Saboda haka zan bi hujjojinsu ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan mu san sana'ar. Bankin zuba jari ba wurin ajiya da cire kuɗi ba ne. Aikinsa haɗa mai neman babban jari, gwamnati ko kamfani, da masu kuɗin: ya tsara takardun bashi, ya sayar da hannun jari, ya kimanta darajar kamfani idan za a saye shi ko a haɗe shi da wani. Dillanci ne na manyan kuɗi. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar shanu ta Filinge ranar Lahadi ya san dillali ba ya cin la'ada sai a kasuwar da ya san farashinta, aka kuma san fuskarsa.

Hujja ta farko. Suka ce manyan bankuna ba sa ɗaukar ma'aikata sai daga makarantu ƙalilan.

Amsa: wannan gaskiya ne a Landan da Faris da New York. A Landan ana fifita Oxford da Cambridge da LSE da Imperial, a Faris kuwa HEC da ESSEC da ESCP da Polytechnique. Amma an amsa tambaya ta biyu an tsallake ta farko: a wace kasuwa yaron zai yi aiki? Yankinmu yana da tasa. Tun 1998 kasuwar hannun jari ta BRVM ke aiki a Abijan don ƙasashe 8 na UEMOA, kuma a can ake cinikin hannun jarin BOA-Nijar. A Dakar akwai babban bankin BCEAO da hukumar UMOA-Titres, wadda gwamnatocinmu ke bi ta hannunta su sayar da takardun bashi. A Lome akwai bankin raya ƙasa na BOAD, da aka kafa a 1973, da hedkwatar Ecobank. A Yamai akwai kamfanin dillancin hannun jari na SGI-Niger. Ciniki a waɗannan wurare yana tafiya ne bisa dokokin kasuwanci na OHADA da tsarin lissafi na SYSCOHADA, waɗanda ƙasashe 17 ke amfani da su, kuma ba su ne ginshiƙin karatun Landan ba. Lokacin da takunkumin da ƙasashen yanki suka ƙaƙaba a Yuli 2023 ya toshe wa Nijar kasuwar yanki har zuwa Fabrairu 2024, daidaita basussukan da suka taru aiki ne na wanda ya san ƙa'idojin UEMOA ciki da bai.

Hujja ta biyu. Suka ce a dubi Tidjane Thiam da Adebayo Ogunlesi.

Amsa: mun dube su, mun kuma jinjina musu. Thiam ya yi Polytechnique da INSEAD, ya shugabanci Credit Suisse daga 2015 zuwa 2020. Ogunlesi ya yi Oxford da Harvard, ya jagoranci sashen zuba jari na Credit Suisse First Boston kafin ya kafa kamfaninsa. Hazaƙarsu ba abin musu ba ce. Amma adalci shi ne a faɗi inda suka taso: mahaifin Thiam minista ne a Kodebuwa, mahaifin Ogunlesi kuwa farfesan likitanci na farko ɗan Najeriya. Ba daga gidan da ake jiran damina kafin a biya kuɗin rajista suka fito ba. Sannan me ya hana a kawo sauran misalan? Sanusi Lamido Sanusi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya karanta tattalin arziki, ya soma aikin banki a Icon Limited a 1985, ya zama shugaban First Bank a farkon 2009, a shekarar kuma ya zama gwamnan Babban Bankin Najeriya. Samaila Zubairu, wanda ke shugabantar Africa Finance Corporation ta Legas tun 2018, shi ma a Zariya ya karanta ilimin akanta. Wanda ya ɗauki misalai biyu ya ɓoye biyu bai kafa hujja ba. Hatta Ibrahim Assane Mayaki, ɗan Adamou Mayaki na Filinge, wanda ya yi karatu a Kanada da Faris, a kan al'amuran Nijar da Afirka karatun nasa ya yi amfani: firaminista daga 1997 zuwa 2000, sannan shugaban NEPAD daga 2009 zuwa 2022.

Hujja ta uku. Suka ce a ci bashi, a sayar da dabbobi, albashin shekara biyu zai mayar da komai.

Amsa: a nan ne maganar ta fi haɗari. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato kowane Yuro 10,000 ya haura sefa miliyan 6 da rabi, kuma kuɗin waɗannan makarantu ninkin wannan ne sau da dama, ban da haya da abinci. Shanun Azawak nawa gidan Bakurfaye zai fitar kafin ya haɗa wannan? Bayan haka akwai biza. A 2023 Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai. Wanda ya jingina rayuwar ɗansa ga ƙofa ɗaya ya ga yadda siyasa ke rufe ta cikin dare guda. Ko an shiga an gama, sai an samu izinin aiki, kuma aikin kansa ba shi da tabbas: Lehman Brothers ya rushe a 2008, Credit Suisse ya durƙushe a 2023 har UBS ya saye shi, dubban masu manyan takardu suka rasa aiki. Bashi kuwa ba ya rushewa tare da banki. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba su fitar da shi.

Hujja ta huɗu. Suka ce ilimin makarantunmu bai kai ba.

Amsa: ba na musun cunkoson azuzuwa da yajin aiki da ƙarancin littattafai a jami'o'in gwamnati. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. CESAG ta Dakar tana ƙarƙashin kulawar BCEAO, tana da digiri na biyu kan banki da harkar kuɗi. COFEB cibiyar horo ce ta babban bankin kansa. ENSEA ta Abijan, da aka kafa a 1961, da jarrabawar gasa mai tsanani ake shigarta, kuma ƙwarewar ɗalibanta a lissafi sananniya ce. Ga makarantun Maroko, ƙasar da bankunanta ke da babban kaso a Yamai. Abin da ake gwada mai neman aiki a kai sananne ne: ya iya karanta lissafin kamfani, ya iya kimanta darajarsa a kwamfuta, ya iya rubutu da bayani da Faransanci da Ingilishi. Akwai kuma jarrabawar duniya ta masu nazarin jari mai matakai uku, wadda tambayoyinta ba su bambanta ɗan Harvard da ɗan Jami'ar Abdou Moumouni.

Hujja ta biyar. Suka ce wanda bai shiga babbar makaranta tun daga bak ba, ƙofa ta rufe masa.

Amsa: akasin haka ne ya fi yawa. Manyan makarantun nan suna karɓar ɗalibai a matakin digiri na biyu, kuma a nan ne tallafi ya fi samuwa, kamar na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da na Gidauniyar Mastercard. Yaron da ya yi digirin farko kusa da gida, ya fito cikin na gaba, ya yi sitaj a banki, ya gyara Ingilishinsa, ya fi ƙarfin neman gurbi da tallafi, kuma shekara ɗaya ko biyu kawai zai biya maimakon biyar.

Akwai kuma abin da masu wannan magana suka yi shiru a kai: iyaye da yawa a Kurfai suna ƙyamar aikin banki saboda riba. Ga irin wannan gida akwai fagen kuɗin Musulunci. Senegal ta fitar da sukuk, wato takardun jari marasa riba, a 2014, Najeriya a 2017, kuma jami'ar INCEIF ta Malesiya a wannan fanni kaɗai ta ƙware. Yaron da ya nufi nan, sunan HEC ba shi ne ma'auninsa ba.

Hukunci: ba na hana kowa babbar makaranta. Wanda HEC ko LSE ta karɓa da cikakken tallafi, biza ta fito, ya tafi da albarkar iyaye. Abin da na ƙi shi ne a mai da ita sharaɗi. Kafin a zaɓi makaranta a amsa tambayoyi huɗu: a wace kasuwa yaron zai yi aiki, wa zai biya, ina ɗaliban da suka gama bara suka samu sitaj da aiki, kuma hanyar zuwa a buɗe take? Makarantar da ta ci waɗannan huɗu ita ce babba a wurinsa.

Ya ku iyaye, kada ku sayar da garke saboda suna. Ya ku yayye, ku ba ƙannenku lissafi cikakke kafin ku ba su buri. Ku kuma samari da ƴan mata na Kurfai, ku riƙe lissafi da Ingilishi tun daga lise, ku nemi ƙofar da ke buɗe ku shiga da ƙarfinku. Allah ya yi muku jagora.