Malamin Ɓeraye da Rajistar Ƴan Kasuwa

A wannan mako za mu leƙa Ingila, wurin Charles Elton, masanin dabbobi na jami'ar Oksfod, wanda aka haifa a 1900, ya rasu a 1991. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana bin diddigin ɓeraye da danginsu, abin da wani zai ɗauka aikin marar abin yi ne.

Tambaya guda ta dame shi: me ya sa ƙananan dabbobi kan yi yawa wata shekara har su zama annoba, sa'an nan su ɓace kamar an share? A 1924 ya nuna cewa lemin, wani ɗan ɓeran ƙasashen ƙanƙara, yakan cika ƙasa duk bayan shekara 3 ko 4. Amma tabbatar da irin wannan zagaye yana bukatar lissafin shekaru masu yawa, fiye da tsawon ran mutum ɗaya.

Ina ya samo shi? Wurin fatake. A 1925 kamfanin Hudson's Bay, mai sayen fatu a Kanada, ya ɗauke shi mai ba da shawara. Akawunan kamfanin sun daɗe suna rubuta yawan fatun da maharba ke kawowa, don riba kurum. Daga tsofaffin rajistocinsu, Elton da Mary Nicholson suka bayyana a 1942 cewa yawan kyanwar dajin Kanada yana hawa da sauka duk wajen shekara 10, yana bin sawun zomon da take ci.

Amfanin ilimin bai jima ba ya fito fili. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da abinci ya yi wuya a Ingila, cibiyar da ya kafa a 1932 ta koma neman hanyar kare hatsi daga ɓeraye. Masu yi wa aikin dariya sun ci gurasar da ya tsare.

To, Alhaji mai mangaza, da kai ma'aikacin da tsofaffin takardu suka cushe wa biro, ku dubi wannan. Akawun da ya rubuta fatu bai san wa zai amfana ba. Buhu nawa ɓera ya ɓata bana, a wane wata? A rubuta, a adana. In kuwa muka bar wa gara rajistocinmu, kada mu zargi ɓera shi kaɗai: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai mako mai zuwa.