A Duba Lafiyar Ɗaliban Jami'o'inmu

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci kan lafiyar ɗaliban jami'o'inmu. Duk sa'ad da sakamakon jarrabawa ya lalace, lalaci muke ɗora wa laifi, ba ma tambayar me yaron ya ci, ko awa nawa ya yi barci.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi. Ɗalibai da yawa sau ɗaya suke ci a yini: a jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a wuce lacca. Ɗakunan kwana a cunkushe, ga sauro, ga ƙarancin ruwa. Zazzaɓin mako guda ya isa ya jawo wa ɗalibi maimaita kwas. Lokacin jarrabawa kuma sai a kwana a aji ana ɗirkar kofi, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta.

Rancen Naira 20,000 da asusun lamunin karatu na NELFUND ke bai wa ɗalibi duk wata ya rage zafi, amma ba ya kai ƙarshen wata. Ina roƙon shugabannin jami'o'i su tabbatar inshorar lafiya ta TISHIP tana aiki, a sami magani a asibitin makaranta. A buɗe wuraren cin abinci masu rahusa, a kuma ɗauki ƙwararrun da za su saurari masu fama da damuwa. Mu iyaye kuwa, in mun buga waya, mu fara tambayar lafiya kafin sakamako.

Naka,
Wani uba, daga Zariya