Mashayin taba ɗan gida ne, a daina yi masa kallon bare

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane, daga majalisun Kausani har cikin garin Wudil: wai mai shan sigari ɗan iska ne, shi ya jawo wa kansa, can ta matse masa. Masu faɗar haka gani suke suna yaƙi da taba. A gaskiya kuwa, wannan magana ce take kare kasuwarta.

A duba su waye ke zuƙar nan. Yaron mota ne a tashar Wudil, ɗan dako ne da ke sauke kaya ranar kasuwar Juma'a, mai haƙar yashi ne da ya wuni a cikin kogi, ya fito jiki na rawa. Yawancinsu sun fara ne tun suna yara, a hannun abokai, kuma sinadarin nikotin da ke cikin taba kama jiki yake yi, shi ya sa mutum zai rantse da safe ya bari, la'asar ta same shi a gaban mai tebur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 duk shekara, cikinsu har da sama da miliyan 1 da ba su taɓa kai ta baki ba, hayaƙin wasu kawai suka shaƙa. Matar mashayi da jaririn da ke kwance a ɗakin suna cikin wannan lissafi.

To da zarar gari ya yanke cewa waɗannan ba nasa ba ne, sai kowa ya naɗe hannu. Babu mai tambayar ko asibitin kusa yana taimaka wa mai son bari. Shi kuma mashayin, da ya san maganar za ta iya hana shi mata idan an zo bincike, sai ya koma bayan kango, ya tauna goro ko ya tsotsi minti don kashe wari, ya ɓoye wa likita ko da tari ya hana shi barci.

Abin takaicin, doka tana nan. A 2015 aka sa hannu a kan dokar taƙaita taba ta Najeriya, aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita a 2019. Ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta sa yaro ya sayar, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali. Amma har yau kwalin a buɗe yake a kan tebur, kusa da ashana da alawa, ana zarar kara ɗaya da canjin shayi. Tun 2021 ake buga hotunan cuta a jikin kwali don tsoratarwa. Wanda ke sayen kara ɗaya yaushe zai riƙe kwali a hannunsa, balle ya ƙura wa hoton ido? Talakan da aka fi nufi da gargaɗin shi ne gargaɗin bai isa wurinsa ba.

Jihar Kano ta taɓa gane inda gizo ke saƙar: a 2007 tana cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu. Fushin jama'a ne bai bi ta can ba, ya tsaya a kan yaron da ba shi da mai tsaya masa. Tsohuwa mai ƙunsa taba gari a leɓe kuwa ba a ma sa ta a lissafi, domin ita "tamu" ce, alhali ita ma cutar daji ta baki na iya kama ta.

Dagaci da masu unguwanni a Kausani sun san kowane mai tebur da sunansa, suna iya kiran su a yau a kan sayar wa yara. Liman na iya yin huɗubar da mashayi zai ji ana kiransa, ba ana korarsa ba. Shugabannin tasha su ne yaran mota ke jin maganarsu, kuma har yanzu da wuya a ga an gayyace su taron 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya.