Maciji Ma Ya Shiga Wasa

Yaranmu na Mai Wurno sun iya wasan maciji da tsani, wanda asalinsa daga Indiya ne, amma da Larabci suke yinsa, macijin kuwa zane ne kurum a kwali. Malamai, ga shawara. A ba yaro ɗaya matsayin Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura, gidan ƙarshe ya zama rijiyar. Sarki ba ya hawan tsani, amma yana komawa baya ya haɗiye wanda ya tarar. Ba mai ɗiban ruwa sai ya jefa 6, wato Juma'a in an ƙirgo daga Lahadi. Wanda ya sauka kan Sarki ya zama Bayajida. Ba na ƙin Larabci, amma wanda ya ƙirga da shi ya koma farko.