Ƙarshen Damina: Miyar Rani Yanzu Ake Tanadinta

Da fatan marka ta bar mana katangu da rufin ɗaki lafiya.

Idan kika bi lungunan Unguwar Gano a 'yan kwanakin nan, ko kika ɓulla ta Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni, ki ɗan leƙa kangayen da ba a gina ba. Wannan ya zuba masara da kuɓewa, wancan rama da yakuwa, ga kabewa ta haye katangar maƙwabci ba sallama. Masu gona a bayan gari, wajen Kumbotso ko Dawakin Kudu, sun fara dawowa da tumu da ɗanyar gyaɗa a bayan babur. Wadda ba ta da fili ma ta jera buhunan siminti a tsakar gida ta shuka alayyafo. Ganye ya yi arha har ana kyauta da shi.

To, uwargida, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Satumba ne ake sanin ko wahalar da aka sha ta shuka da noma za ta kai gida rani, ko kuwa za ta ƙare a mako uku. Kuɓewar da kike rasa yadda za ki yi da ita yau, ita ce za ki nema da tsada a kasuwar 'Yankaba idan watan Maris ya kama.

Mu fara da ganye. Zogale, rama, lalo da tafasa duk suna shanyuwa, amma ba a rana ba. Rana tana cinye koren ganyen, tana kuma rage sinadarin bitamin A da ke taimakon ido da garkuwar jikin yara. Ki tsinke da safe bayan raɓa ta ɗauke, ki wanke, ki tsane, sannan ki baza a kan tabarma mai tsabta a inuwar da iska ke ratsawa. Kada ki tula, ki riƙa juyawa. Idan kika murza ya rugurguje a hannunki, ya bushe. Idan yana lanƙwasa, da saura, kuma in kika ƙulle shi a haka zai yi fumfuna. Kuɓewa kuwa tana son rana: ki yanka ƙananan da ba su ƙosa ba, ki shanya a faifai ko tire a wuri mai tudu, ki shigar da ita kafin magariba. Shanya a bakin titi, inda ƙura da awaki da hayaƙin Adaidaita Sahu ke bi, ba tanadi ba ne.

Gyaɗa da masara su ne suka fi buƙatar haƙuri. Idan aka ɗure su a buhu da sauran danshi, wata fumfuna tana kama su, ta bar dafin da ake kira afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. A hankali yake lalata hanta, yana kuma hana yara girma yadda ya kamata. Ki bari gyaɗa ta bushe har ki ji tana kaɗawa a cikin ɓawonta. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yamutse ko take ɗaci, ki zubar. Kada ki ce a yi ƙuli da ita don kada a yi asara, domin asarar hanta ta fi ta mudu ɗaya. Buhun kuma a ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango.

Wake zai shigo nan gaba kaɗan, don haka gara mu yi maganar tun yanzu. Don Allah a daina yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper. Maganin da ke cikinsu, dikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba shi a abinci. Mu da ke aikin jinya mun san yadda ake kawo wanda ya ci wannan guba: amai, dalalar yawu, gumi, numfashi da ƙyar. Ƙwaron wake iska yake shaƙa, in ka hana shi iska ya mutu. Akwai buhun PICS mai ninki uku da ake sayarwa wurin masu kayan gona. Idan waken kaɗan ne, ki samu jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko magani a ciki ba, ki cika ta fal da busasshen wake, ki ɗaure murfin tam, kada ki riƙa buɗewa.

Sai maganar sauro, wanda shi ma lambun nan yake noma tare da mu. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo, kwana bakwai zuwa goma ne kawai a irin zafinmu. Ke nan idan kin ware rana ɗaya a mako, ki ce Asabar, kika zaga ke da yara kuna kifar da gwangwani, tsohuwar taya da fasasshen bokiti, kuna cike ramukan da ruwa ke kwanciya tsakanin kunya da kunya, kun katse masa hanya. Randa da durom a rufe. Gidan sauro a ɗaura kowane dare, ba sai an ji kuka ba. Masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, na yara daga wata 3 zuwa wata 59, idan sun ƙwanƙwasa ki buɗe musu. Na rana ta farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage amana ce a hannunki. Yaro kuma in jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Maigida, kai ma da naka. Ciyawa ta yi tsawo, kada a tura yara cire kuɓewa ba takalmi, musamman da yamma. In maciji ya sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya tamau. A kwantar da shi, a hana ƙafar motsi, a nufi asibiti. Wanda fartanya ko ƙusa ta yanka, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, a je a tambayi allurar tetanus.

Yara kuma a ba su nasu aikin. Wanda ya tsinke zogale da hannunsa ba ya cika ture kwaɗonsa. Ku ware 'yan kuɓewa masu kyau ku bar su su bushe a jikin uwarsu, shi ne irin baɗi. Maƙwabciyar da ba ta shuka ba, a aika mata da ɗan ƙulli, ko ba komai kabewarki a katangarta ta kwana.

Wadda take da wata dabarar ajiya da ta gada wurin kakarta, ta rubuto mana a ƙasa mu ƙaru da juna. Allah ya kai mu kaka lafiya, ya sa albarka a abin da muka shuka.