"Ruwa a Huhu": Furuci Ɗaya, Lalura Biyu

A lungunan Soron Ɗinki, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, idan majiyyaci ya dawo daga ɗaukar hoton ƙirji, abin da 'yan dubiya suka fi ji shi ne, "an ce ruwa ne a huhu". Wannan furuci ya yi wa lamarin kuɗin goro, kuma yana iya jawo ɓarna.

Da farko, ruwan ba cikin huhu yake ba. Huhu yana lulluɓe da tantani mai ninki biyu, kamar riga da shafinta, misalin da ba sai an yi wa maɗinka dogon bayani ba. Tsakanin ninkin nan ruwan yake taruwa, kuma sai ya kai kimanin mililita 200 kafin ya bayyana a hoton da aka ɗauka majiyyaci na tsaye. Sai dai farar inuwar da ake gani a gindin huhu takan kasance kauri ne tantanin ya yi, wato tabon tsohon tarin fuka da ya warke tun shekarun baya. Ruwa yakan gangara idan mutum ya kwanta ta gefe, tabo kuwa yana nan inda yake. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, takan raba gardamar cikin 'yan mintoci.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda aka ɗauki tabonsa a matsayin sabuwar cuta zai iya shafe wata 6 yana shan maganin da ba ya buƙata. Wanda kuma ruwansa ya zama mugunya aka ce masa tabo ne, tantanin zai sandare ya ɗaure huhun, har ta kai ga tiyata. Ko an tabbatar ruwa ne, hoto ba ya faɗin sanadi: tarin fuka, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da ciwon daji duk suna kawo shi, sai an zuƙo kaɗan da allura an auna. Gwajin majina ma yakan fito ba komai alhali tarin fukan yana cikin tantanin.

Saboda haka ya kamata masana Hausa na Jami'ar Bayero su zauna da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano, su tsayar da kalmomi biyu, ko da "ruwan tantanin huhu" da "tabon tantanin huhu" ne. Kafin nan, mai tsohon hoto ya daina jefar da shi, domin da shi likita zai gane ko inuwar ta bana ce ko ta tuntuni.